Hutun damina: yadda za a tsara tafiyar mota daga Gaya, a ga birni a ga karkara

Da zarar an rufe makarantu aka shiga babban hutu, daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, iyalai da yawa a Gaya sukan fara shawarar kai yara ganin dangi a Yamai, Dosso, Konni ko Maraɗi. Wasu a motar gida, wasu kuma su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda. Sai dai hutun ya faɗo daidai tsakiyar damina. Lokaci ne da ƙasar ta fi kyaun gani, kuma shi ne lokacin da hanya ta fi saurin juya wa matafiyi baya. Wanda ke son yara su ga birni su kuma ga karkara a tafiya ɗaya, kwanaki da ruwan sama ne ya kamata ya fara lissafawa kafin kilomita.

Dosso ce mararraba

Daga Gaya, kwalta ɗaya ce ke shiga cikin ƙasa: hanyar RN7, wajen kilomita 150 zuwa Dosso. Ɓangaren Dosso zuwa Bella, mai kilomita 83, an sake gina shi a shekarun baya da tallafin Amurka na shirin MCA. A Dosso hanyar ta haɗu da RN1. In aka yi yamma, Yamai na da nisan kusan kilomita 140. In aka yi gabas, Dogonduci ce a gaba, sai Konni, Madawa da Maraɗi. A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin kwaɗayi. Ana so a je Yamai, a dawo a wuce Maraɗi, duk cikin mako guda. Gaya zuwa Maraɗi kaɗai ta haura kilomita 650. In aka ɗora Yamai a kai, zuwa da dawowa, an wuce kilomita 1,500, kuma abin da yara za su tuna shi ne bayan kujerar direba. Wanda ke da kwana biyar ko shida ya zaɓi hannu ɗaya, ya bar ɗayan sai baɗi.

Akwai wata hanyar da taswira ke nunawa kamar yanke, wato RN35 da ta tashi daga Gaya ta bi ta Falmey ta ɓulla Margou. Hanyar jar ƙasa ce, tana bin gefen kogi kusa da gandun dajin W, inda matsalar tsaro ta yi kamari. Ba ta iyali ba ce a watan Agusta.

Hannun yamma: Dosso, Kure da Yamai

Karkarar da ake nema ba sai an je nesa ba. Yankin Gaya shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, kuma yawancin yaran cikin gari ba su taɓa tsayawa sun kalli dajin giginya na Dallol Mawuri ba, ko wuraren da mata ke dafa gishiri a Dallol Foga, wajejen Bengu da Bana. Aikin gishirin na rani ne, da damina kwarin kan cika da ruwa, amma kafin doguwar tafiya ana iya kai yara yini guda su ga giginyar da ake ci wa muruci ake kuma rufin ɗaki da azararta. Wannan ɗan gewayen ma yana gwada lafiyar mota kusa da gida, inda makaniken da aka sani yake.

Ranar tashi, a bar Gaya bayan sallar asuba, a iso Dosso da hantsi. Mutanenmu sun saba ɗaukar Dosso wurin shan mai da sayen tsire a wuce. Asara ce. Fadar Zarmakoy, wadda aka gina a 1904, tana tsakiyar gari, kuma akwai gidan tarihi na jiha da masu sana'ar hannu. Awa biyu sun isa. Wanda ke da dangi a garin ya kwana, ba don nisa ba, don a samu fita da sassafe zuwa Kure.

Bayan Dosso da ɗan tafiya hanya za ta gangara cikin Dallol Bosso a Birnin Gawure. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ruwan ƙasa na kusa, shi ya sa gonaki da itatuwa suka fi kauri a cikinsa. A gefen kwalta za a riƙa ganin layin dogo. Shi ne wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, aka ƙaddamar a farkon 2016, kuma har yau bai yi jigilar fasinja ba. Yara za su tambaya ina jirgin yake. Kowane uba ya shirya amsarsa.

A Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, nan ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke. A 1996 an ƙirga 49 kacal. Bayan shekaru ashirin da ɗoriya na kariya sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji don a kafa garke na biyu. Damina ce lokacin da ya dace a neme su a nan. Da rani sukan sauka cikin dallol suna cin ganye da 'ya'yan gawo. Da ruwa ya sauka gawo kan zubar da ganyensa, manoma su shuka kwarin, sai dabbobin su hau tudun Kure inda geza da sabara suka yi kore. Wani lokaci daga kan kwalta ma ake hango su. Amma dole a faɗi ɗaya gaskiyar: a nan ne ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas, Faransawa shida masu aikin agaji da 'yan Nijar biyu, direba da jagora. Kada kowa ya sauka daga kwalta ya shiga daji da kansa. A tambayi jami'an gandun daji da jandarmomin wurin. In sun ce a shiga da jagora, to, in sun ce a'a, a tsaya bakin hanya a kalla a wuce.

Yamai kwana biyu take so, uku in akwai gaisuwar dangi da yawa, domin gaisuwa kaɗai na iya cinye yini. Abin da bai kamata ya wuce yara ba shi ne gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A wuri ɗaya akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a arewacin ƙasar, da ragowar iccen Tenere da mota ta kayar a 1973, da namun daji, da maƙera da dukawa suna aiki a gaban mutane. Sai babbar kasuwa, sai a haye gadar Kennedy da la'asar a ga kogin da ya biyo ta ƙofar Gaya yadda yake a babban birni. Wanda bai saba tuƙi a Yamai ba ya ajiye mota a gidan mai masauki ya shiga taksi. Bayan ruwan sama unguwanni da dama kan zama tabki, baƙo kuma ba ya sanin inda rami yake.

Hannun gabas

Wanda ya juya gabas zai fi samun doguwar hanya da ƙarancin cunkoso. Dogonduci na da kusan kilomita 135 daga Dosso, duwatsun da suka ba garin suna kuma da damina sukan yi kore har gindi. A arewa maso gabashinta ne Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Hanyar can ba kwalta ba ce kuma yankin na da nasa matsalolin tsaro, don haka sai da shawarar mutanen Duci. Daga nan Konni, sai Galmi mai albasa, sai Madawa mai kilishi da tabarmi. Maraɗi birnin kasuwa ce, kusa da ita akwai Tibirin Gobir da tabkin Madarumfa. Wannan tafiya ba ta yiwuwa da daɗi ƙasa da mako guda, da kwana a Konni zuwa da dawowa.

Batun iyakoki

Da can mai mota a Gaya yana da zaɓi uku, har da gangarawa Paraku da Kwatano. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya aka rufe gadar Malanville, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Nijar ba ta buɗe nata gefen ba. Mutane na hayewa a jirgin ruwa, mota kuwa ba ta da hanya. Kada a gina tsarin hutu a kan jita-jitar "za a buɗe mako mai zuwa".

Iyakar Najeriya an sake buɗe ta a watan Maris 2024. A takarda akwai kewaye mai ban sha'awa: Kamba, Birnin Kebbi, Argungu da gidan tarihin Kanta, Sakkwato da Hubbaren Shehu, sannan a fito ta Illela zuwa Konni a dawo ta Dosso. Amma hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin kan iyaka na jihohin Kebbi da Sakkwato sun sa wannan hanya ta zama ta wanda ke da mai masauki a can da zai gaya masa halin da ake ciki a ranar. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai shigar da mota ya je ofishin duwan da na 'yan sandan iyaka a Gaya ya ji takardun da ake nema yanzu, tun kafin ya ɗaura kaya.

Ruwa, mai da takardu

A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke RN1 a Sorey, ƙofar shiga Yamai daga wajen Dosso, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. Ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ba kowace shekara ce haka ba, amma darasin tsari a fili yake: a bar kwana ɗaya ko biyu babu komai a cikinsu, kuma kada ranar dawowa ta zama jajibirin komawa aiki. Yuli ko tsakiyar Satumba sun fi Agusta sauƙi. Inda kori ya hau kan hanya, a tsaya. Ruwan kori yakan sauka cikin 'yan awoyi, kuma ganin babbar mota ta haye ba hujja ba ce ga ƙaramar mota. Ruwan damina ya fi zuwa da yamma ko da dare, wani dalilin ke nan na tashi da asuba a sauka kafin la'asar. Tafiyar dare da iyali ba ta cikin lissafi ko kaɗan.

Kuɗin mai yana da sauƙin ƙiyastawa. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar esansi zuwa dala ɗari ba tamma ɗaya, wato CFA 499. Gaya zuwa Yamai da dawowa kusan kilomita 580 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci kusan lita 60, wajen jika 30 a wancan farashi, ban da yawon cikin gari da kuɗin peyaji. A duba farashin ranar, a kuma cika tanki a gidan mai a Gaya da Dosso. Ƙarancin man da aka yi a watan Maris 2025 ya nuna cewa gidan mai na gaba ba alkawari ba ne, man 'yan ruwa-ruwa na cikin kwalba kuma ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Takardun mota su kasance a hannu ɗaya: permi, kart giriz, asuransi, binyet da takardar bizit. Kowane babba da katinsa na ɗan ƙasa, yara da takardar haihuwa, musamman in ɗan wani ne aka ɗauko. Shingayen bincike suna da yawa a kan RN7 da RN1, mai cikakkun takardu ne ke wucewa da wuri. A duba taya har da ta safaya, da burki, da abin share gilashi, wanda ba a tunawa da shi sai hadari ya haɗo.

Saura sauro. Damina ce kakar masassarar cizon sauro, kuma gidan mai masauki ba lalle ya ishi baƙi da gidan sauro ba, don haka kowa ya tafi da nasa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke karɓar maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba, a tambayi likitar unguwa ranar zagaye na gaba, a sa tafiyar tsakanin zagaye biyu. Yaron da jikinsa ya yi zafi a hanya a kai shi gwaji a garin da aka fara isa, kada a ce sai an koma Gaya.