ƊAN MITSITSIN ƘWARO MAI CINYE DARƁA: YADDA AKE GANE SHI

Manoman gyaɗa ba za su taɓa mantawa da shekarar 1975 ba. A daminar wannan shekara ce cutar nan mai sa ganyen gyaɗa ya ƙanƙance ya cure wuri guda ta auka wa gonakin Arewa, ta lalata kimanin hekta 700,000. Abin da ya yi wa cutar dako daga gona zuwa gona kuwa shi ne darɓa, watau 'yan baƙaƙen ƙwarin nan da ke dafifi a kan tohon gyaɗa da na wake suna tsotse ruwansa. Masana suna kiranta Aphis craccivora. A ƙasashe masu zafi macen ba ta bukatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin mako guda ko makamancin haka sai su soma haihuwa.

To, amma kowace cuta da maganinta. A cikin gonar da darɓa ke ɓarna akwai waɗansu ƙwari da ba su da abinci sai ita. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa manomi ba ya rarrabe su da masu ɓarnar, sai ya haɗa su duka ya yi musu feshi.

Dangi mai yawa

Waɗannan ƙwari 'yan dangin da Turawa ke kira ledibad ne, masana kuma suka sa wa dangin suna Coccinellidae tun 1807. An san iri wajen 6,000 a duniya. Siffarsu kamar an kife ɗan ƙoƙo, bayansu da ɓawo mai tauri. Wanda aka fi gani a gonakin wake shi ne Cheilomenes, mai santsi da ƙyalli, wani irinsa baƙi da ɗigo-ɗigon rawaya.

Akwai kuma ƙanensa da ba a cika lura da shi ba, sunansa Scymnus, sunan da wani Bajamushe, Kugelann, ya raɗa masa a 1794. Tsawonsa bai cika wuce milimita 2 ba, watau kamar ƙwayar riɗi. Launinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa, jikinsa lulluɓe da lallausan gashi. Shi da tsutsarsa duk darɓa suke ci, kuma saboda ƙanƙantarsu suna kutsawa cikin naɗaɗɗen ganye inda manyan ba sa shiga.

Inda ake yin kuskure

Tsutsar Scymnus ita ce ta fi shan wahala a hannun mutane. Jikinta na fid da wani farin abu kamar kakin zuma, sai a gan ta tamkar ɗan tsinken auduga, ta yi kama ƙwarai da farin ƙwaron nan mai kashe rogo. Wannan farin kaki garkuwarta ce daga tururuwa, domin tururuwa kiwon darɓa take yi saboda ruwa mai zaƙi da take fitarwa, tana kuwa kai wa duk mai son cin dabbobinta hari. Hanyar rarrabewa ita ce a tsaya a duba. Farin ƙwaron rogo a manne yake da tsiro, da kyar yake motsi. Tsutsar Scymnus kuwa yawo take yi a tsakiyar darɓa, ta bar busassun ɓawonsu a bayanta.

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne. Ba kowane mai ɗigo-ɗigo ne abokin manomi ba. A cikin dangin akwai reshen Epilachna, masu cin ganyen kabewa da guna da kankana. Su manya ne, ja-ja da baƙin ɗigo, ba su da ƙyalli. Tsutsarsu rawaya ce mai ƙayoyi, ganyen da suka ci kuma yakan koma kamar rariya. Kama da wane ba ta wane.

Aikin masana

Manomi zai iya gane dangi da ido, amma faɗin takamaiman irin Scymnus sai masana, domin iri-irinsa ɗaruruwa ne, kuma launinsu na ruɗin mutum. Da farko sukan liƙa ƙwaron a kan ɗan guntun kati, su rubuta garin da aka kama shi, da ranar, da tsiron da aka same shi a kai. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda amfaninsa kaɗan ne.

Sa'an nan a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, a ƙirga gaɓoɓin 'yan ƙahonninsa, ko 10 ne ko 11. A birkice shi a duba wani siririn layi da ke cikinsa, bayan ƙafar baya. Idan layin ya lanƙwasa ya koma ya haɗe, ƙwaron na rukunin Pullus ne. Idan ya yanke a hanya, sai a nemi wani rukunin. Hujja ta ƙarshe ita ce al'aurar namiji, wadda ake zaro ta da bakin allura, domin siffarta ta bambanta daga iri zuwa iri. Bayan haka a gwada da ainihin ƙwaron da aka fara raɗa wa sunan, wanda galibi yana ajiye a gidajen tarihi na London ko Faris ko Tervuren ta ƙasar Beljiyam. Daga 2003 an sami ƙarin hanya, ta karanta ɗan yanki na ƙwayoyin gadon halitta, amma ba ta kore aikin madubi ba.

Me ya sa wannan wahala?

Labarin rogo ya isa amsa. Sa'ad da farin ƙwaron rogo ya ɓulla a Afirka cikin shekarun 1970, masana sun bazama Amurka ta Kudu neman abin da ke cinsa. Sun fara tattaro maƙiyan wani ƙwaro mai kama da shi, ba su yi aikin da ake so ba. Sai a 1981 aka tabbatar iri biyu ne daban, aka kuma gano na ainihin a ƙasar Faraguwai. Ɗan mitsitsin zanzaron da aka samo a can, aka saki a cibiyar IITA ta Badun, shi ya ceci rogon Afirka. Rashin sanin suna ya ci shekaru.

Gaskiya ne Scymnus shi kaɗai ba zai hana cutar gyaɗa ba, don darɓa kaɗan ma ta isa ta yaɗa ta. Shuka da wuri, da matse tazara, da irin da ke jure cutar wanda masanan Samaru suka fitar, su ne kan gaba. Amma feshin da bai tashi ba yakan kashe mai ci ya bar abin ci, darɓa kuwa ta fi saurin farfaɗowa. Saboda haka kafin manomi ya goya tankin feshi, ya kamata ya durƙusa ya juya ganye. In ya ga farar tsutsa tana kai da kawowa cikin darɓa, to, ya sami lebura wanda ba ya neman lada.