KEKEN MAI JINYA: WANE IRI YA DACE DA WANDA YA SAMU KARAYA?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan fitowa za mu tattauna wata matsala da ke samun gidaje da yawa a karkarar Rumbu da sauran garuruwan gundumar Dakoro. Ga mutum lafiya lau da safe, kafin azahar an ɗauko shi bisa amalanke. Wani ya faɗo daga kan gawo yana sarar wa dabbobi ganye. Wani sa ya ture shi a bakin rijiya. Wani kuma babur ya kayar da shi cikin rairayi a kan hanyar kasuwar Sakabal. An kai shi likita, an ɗaure ƙafar, ƙashi ya fara kamawa. Sai wata damuwar ta taso: gona tana nesa da gida, damina ba ta jiran mai jinya, ƙafa kuwa ba ta iya kai shi. A nan ne mutum ke soma tunanin keke.

Tunanin ba laifi ba ne. Amma keke yana iya zama magani, yana kuma iya zama sabon ciwo. Bambancin yana ga abu biyu: lokacin da aka hau shi, da irin wanda aka zaɓa.

KADA A RIGA ƘASHI WARKEWA

Ƙashin ƙwauri ko na cinya na babban mutum yakan ɗauki wata 3 zuwa wata 6 kafin ya haɗe sosai. Na yaro ya fi saurin kamawa. Na tsoho, da mai shan taba, da mai ciwon sukari ya fi jinkiri. Mu sani cewa ɗaukewar zafi ba ita ce warkewa ba. Zafi yakan tafi tun ƙashi yana ɗanye. Wanda ya ɗora masa nauyi a lokacin, ƙashin yana iya sake karyewa, ko ya haɗe a karkace, mutum ya zauna da ɗingishi har ƙarshen ransa. Damina guda ake gudun rasawa, sai a rasa ƙarfin noman shekaru masu yawa.

Saboda haka matakin farko shi ne a koma wurin likita. A je asibitin gunduma a Dakoro. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura mutum babban asibitin jiha a Maradi. Hoton ƙashi shi ke nuna ko an haɗe ko da saura. A tambayi likita ƙarara: yaushe zan taka ƙafar? Yaushe zan tuƙa feda da ita? Tafiyar tana da nisa, ta wuce kilomita 100 daga Dakoro zuwa Maradi, kuma tana cin kuɗi. Duk da haka ta fi gurguncewa araha.

Doguwar kwanciya ita ma tana da tata illar. Naman cinya yakan zube, gwiwa ta sage, ta ƙi lanƙwasawa. Shi ya sa a manyan asibitoci, inda ake gasa ƙashi da motsa jiki, akwai keke na musamman wanda ba ya tafiya ko'ina. Mai jinya yana zaune a kujera yana juya feda. Kujerar ce ke ɗauke da nauyin jikinsa, gwiwa kuwa tana ta miƙewa tana lanƙwasawa ba tare da an buga ta da ƙasa ba. Wannan hikimar ce muke nema a keken da za mu zaɓa.

KEKE IRI UKU

Na ɗaya shi ne keken da muka saba da shi, mai taya biyu da dogon sirdi. Shi ne ya fi samuwa, shi ne kuma ya fi haɗari ga mai jinya. Kafin a hau sai an ɗaga ƙafa sama an tsallaka. Idan rairayi ya riƙe tayar gaba, dole a diro da ƙafa guda da sauri, nauyin jiki duka ya faɗa mata. In an yi rashin sa'a, mai ciwon ce. Ga kuma sunkuyo, wanda ke wahalar da baya da wuya da tsintsiyar hannu. Wannan keke shi ne na ƙarshe da ya kamata a koma wa, bayan an iya tafiya ba sanda.

Na biyu shi ne keken kishingiɗe. A maimakon sirdi, kujera gare shi mai majingina, feda kuwa tana can gaba. Mahayi yana jingine, ƙafafunsa a miƙe, kamar mai hutawa a gindin bishiya. Ba sabon abu ba ne a duniya. Wani Bafaranshe mai suna Charles Mochet ya ƙera irinsa, kuma ranar 7 ga Yuli 1933, a birnin Paris, wani ɗan tsere mai suna Francis Faure ya yi tafiyar kilomita 45 da mita 55 cikin awa guda a kansa, ya wuce duk wanda ya gabace shi. A shekarar 1934 hukumar tseren kekuna ta duniya ta hana shiga gasarta da irin wannan keke. Ke nan ba keken ragwaye ba ne.

Amfaninsa ga mai jinya a fili yake. Nauyi ya bazu a kan baya da mazaunai. Wuya a miƙe yake, hannuwa ba su ɗauke da kaya. Amma yana da nasa aibin. Mai taya biyu yana da wuyar tashi da wuyar riƙewa cikin rairayi, don haka mai taya uku ya fi dacewa da ƙasarmu. Idan kujerar ta yi ƙasa ƙwarai, mai ciwon gwiwa ko ƙugu zai sha wuya kafin ya miƙe. Masu mota ma ba su saurin hango shi. Ba safai ake ganinsa a kasuwanninmu ba, wanda aka kawo daga waje kuwa tsada gare shi. Abin da za mu ɗauka daga gare shi shi ne dabarar: kujera mai majingina, taya uku, feda a gaba. Ƙwararren mai walda yana iya haɗa wannan da bututun ƙarfe da kayan keke na yau da kullum.

Na uku kowa ya san shi: keken hannu mai taya uku, wanda jama'a ke kira keken guragu. Shi ma kujera gare shi, sai dai da hannu ake juya fedarsa, ƙafafu suna hutawa a kan mataki. Masu walda a birane kamar Maradi suna ƙera shi. Ya dace da wanda aka hana shi taka ƙafa na dogon lokaci, ko wanda aka yanke wa ƙafa, ko wanda ƙafafunsa suka mutu. Bai dace da mai karayar hannu ko kafaɗa ko haƙarƙari ba, domin aikin duka a kansu yake.

A nan akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna. Mutane da yawa sun gwammace su kwanta a zaure wata da watanni da a gan su bisa wannan keke, wai kada a ce sun zama guragu. Wannan kunya ba ta da tushe. Mun saba ganinsa da waɗanda shan inna ta taɓa, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. Amma keke kayan aiki ne, kamar hauya. Waɗanda suka daɗe suna hawansa, su ne ma malamanmu a wannan fanni. Kafin a saya, a je a nemi shawararsu.

A AUNA MUTUM KAFIN A YANKA ƘARFE

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan kujerun masu naƙasa. Taƙaitaccen bayaninsu shi ne: kujera ta gari ita ce wadda ta dace da jikin mai ita da wurin da yake zaune, mai ƙarko, wadda kuma za a iya gyarawa a ƙasar da kuɗi kaɗan. Haka abin yake ga keke. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna. Kada mai walda ya yanka ƙarfe sai mai jinya ya zauna an gwada.

1. Faɗin kujera: mazaunai su shiga ba matsi, ba kuma fili mai yawa da zai sa jiki ya karkace.
2. Zurfin kujera: a bar tazarar yatsa 2 ko 3 tsakanin bakinta da bayan gwiwa.
3. Tsawon kujera daga ƙasa: mutum ya iya zama ya iya tashi ba sai an ɗaga shi ba.
4. Fedar ƙafa: idan ta kai ƙarshen nisanta, gwiwa ta kasance a ɗan lanƙwashe.
5. Fedar hannu: ta tsaya daidai ƙirji, kada ta wuce kafaɗa.
6. Birki: hannu ya kai gare shi nan take, kuma ya riƙe keken a tsaye lokacin hawa da sauka.

A TUNA DA HANYA DA MAI GYARA

Keken da ke gudu bisa kwalta a Maradi yana iya kafewa a ƙofar gida a Rumbu. Ƙasarmu rairayi ce, ga ƙayar aduwa da tsaida. Siririyar taya nutsewa take yi. A nemi mai faɗi. Babban farantin sarƙa a wajen feda yana ba da gudu amma yana cin ƙarfi. Ƙarami ya fi sauƙin juyawa cikin rairayi. A tabbata taya da sarƙa da birki irin na keken kowa ne, waɗanda mai faci zai samu ranar kasuwa. Keken da kayansa sai an aika birni, ranar da ya lalace ya zama abin shanya. A riƙa tafiya da famfo da kayan faci. A kuma yi hankali da gangara da kwana, domin mai taya uku yakan kife idan aka karya shi da gudu.

In gona tana bayan tudun rairayi mai zurfi, gaskiya ita ce babu keken da zai kai mai jinya. Gara amalanke da shimfiɗa mai taushi, ƴan uwa kuma su kama masa da gayya.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Ranar farko, minti 5 zuwa 10 a fili mai tauri ya isa, da wani a kusa. A ƙara kaɗan-kaɗan, da safe ko da yamma. Gajiyar nama ba abin tsoro ba ce. Amma a sauka a koma likita idan aka ji zafi mai tsini daidai wurin karayar, ko kumburin da ya kwana bai saɓe ba, ko yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, ko miki ya fara ruwa.

Wanda ya karye a gadon baya kada ya hau kowane irin keke sai da izinin likita, domin girgizar hanya tana iya ƙara ɓarna. Wanda kuma ba ya jin taɓi a mazaunansa, babban maƙiyinsa shi ne gyambon zama. Ba ya jin zafinsa, sai ya yi zurfi, kuma yana iya kisa. Ya sa matashi mai kauri da taushi, ya riƙa ɗaga jikinsa da hannu kowane minti 15 zuwa 30, a kuma duba masa fatar kowane dare. In an ga wuri ya canza launi, a daina zama a kansa sai ya koma daidai.

Jama'a, kafin a sayar da akuya ko damin hatsi don sayen keke, a zauna a amsa tambaya huɗu. Likita ya yarda? Wace gaɓa ce ke da ƙarfin tuƙi, ƙafa ko hannu? Keken zai iya hanyar gonarmu? Wa zai gyara shi in ya lalace? Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa da ke kwance. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.