Otel ɗin biki da baƙon kasuwa: lissafin da Maraɗi ba ta yi ba tukuna

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kilomita 284 da kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, wata magana ta kama bakin mutanenmu. Wai abin da ya rage wa Maraɗi shi ne katafaren otel mai benaye da gilasai, irin na Yamai. Ana faɗinta a majalisar shayi, ana faɗinta a ofis, kuma ba wanda ke tsayawa ya tambayi wa zai kwana a ciki, wa kuma zai biya. Wannan tambayar ce ta kashe kusan duk manyan otel-otel da gwamnatoci suka gina a ƙasar Hausa.

Durbar ta Kaduna an gina ta ne domin baƙin bikin FESTAC na 1977. An yi hawan daba, baƙi sun watse, ginin ya shiga hannun 'yan kasuwa, daga nan ya shiga shari'a, ya yi shekaru a rufe, har gwamnatin El-Rufa'i ta sa katafila ta baje shi a Janairun 2020. Daula ta Kano ta lalace a tsaye. Gwamnatin Ganduje ta ba 'yan kasuwa filin, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe abin da suka gina a Yunin 2023. Otel ɗin bakin tafkin Bagauda ya tsira ne kawai domin ya daina zama otel, ya koma makarantar horon lauyoyi. A namu ɓangaren, Gaweye ta Yamai ta tashi a bakin kogin Kwara a farkon shekarun 1980 da ribar uraniyom, daidai lokacin da farashinsa ya fara zubewa. Kuɗin fetur can, kuɗin ma'adini nan, amma tunanin ɗaya ne: a gina domin ranar taro, sauran kwanakin shekara Allah ya kawo.

Waɗanda muke kwaikwayo ba haka suka faro ba. Manyan otel-otel na Turai matafiyi suka biyo. Midland Grand da aka buɗe a London a 1873 jikin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras take, kamfanin jirgin ne ya gina ta domin fasinjojinsa. Savoy ta zo a 1889 da wutar lantarki da na'urar hawa bene, Ritz ta Paris a 1898, dukansu suna farautar attajiran da jirgin ruwa da na ƙasa ke zubowa kullum, masu biya daga aljihunsu. Duk da haka Midland Grand ta rufe a 1935, domin ɗakunan wanka sun yi mata kaɗan kuma kula da ita ya fi ƙarfin ciniki, ba ta sake karɓar baƙo ba sai 2011. Idan ginin da ke tsakiyar London zai yi shekara 76 yana jiran mai ceto, to mai shirin zuba siminti a Maraɗi ya kamata ya yi lissafi sau biyu.

Ba baƙi Maraɗi ta rasa ba. Gari ne da kasuwa ta raina tun zamanin cinikin gyaɗa, bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka hau da shi tudu. Yau ma motoci na shigowa ta Ɗan Isa dare da rana, masu sayen wake da aya da riɗi, masu neman dabbobi da fatar jar akuya. Sai dai baƙon kasuwa a ƙasar Hausa yana da maigida, kuma abin da maigida ke ba shi ya wuce tabarma da tuwo. Shi ke ajiye masa kaya, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan zai ɗauki kaya bashi, shi ne shaida idan rigima ta tashi, shi ya san wanda za a gani a duwan. Ladarsa na fitowa daga la'ada da ɗorewar hulɗa, ba daga kuɗin ɗaki ba. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, Emmanuel Grégoire kuma ya nuna yadda arzikin alhazan Maraɗi ya ginu kan irin wannan amana a nasa na 1986. Wayar salula da tura kuɗi ta waya sun rage wasu tafiye-tafiyen, amma ba su kawo wanda zai maye gurbin mai tsaya maka ba. Wane otel ne zai ce wa mai kaya: ba shi buhu ɗari biyu, in bai biya ba ni ne?

Baƙon zumunci ma haka. Wanda ya zo ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, ko ya zo gaida Sarkin Gobir a Tibiri, har yanzu a gidaje da yawa abin kunya ne a ce an kai shi otel. Akwai ɗakin baƙi, akwai gidan maƙwabci. Attajirin da ya isa ya biya ɗaki mafi tsada a gari shi ne kuma wanda ya fi kowa yawan gidajen da za su yi rububin saukar da shi.

To wa ya rage? Ma'aikacin gwamnati da aka turo aiki, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, da mahalarta taron bita. Dukansu ba da kuɗinsu suke kwana ba, kuma yawansu na bin abin da ba mu da iko a kansa. Yunwar 2005 ta cika Maraɗi da ƙungiyoyi. Kwararowar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 ta sake kawo wasu. Kasuwa ta amsa da hankalinta: manyan gidajen unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, masu katanga da 'yan ɗakuna da farfajiya, su suka koma ofisoshi da masaukai. Masu raina wannan suna cewa ba aji. Amma gidan da aka mayar masauki, ranar da aikin ƙungiya ya ƙare, sai maigida ya sa ɗansa da amarya a ciki. Bene mai ɗaki ɗari biyu ba ya da wannan mafita.

Mun ma ɗanɗana tsarin biki a gida. Maraɗi Kwalliya ta 18 ga Disambar 2015 ta bar mana tituna da fitilu, kuma an gode, domin titi kowa ke bi. Yamai ta yi nata a 2019 saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka: Radisson Blu da kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, da Noom, da Bravia, duk cikin shekara guda. Ba a rufa shekara ba korona ta tsayar da jiragen sama. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma sojojin Faransa suka tafi a Disamba, na Amurka suka bi su a 2024, tare da ayarin masu ba da shawara da 'yan kwangilar da ke cika irin waɗannan ɗakuna.

Shi kansa ginin yana da nasa laifin. Akwatin siminti da gilashi a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba ya zaunuwa minti talatin in ba na'urar sanyi. Nijar kuwa, kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Nijeriya take sayowa, yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Da aka yanke wutar a Agustan 2023, duk mai babban gini ya koma ciyar da janareta da gazuwal, ko da baƙo ko babu. Abin haushin shi ne muna da ilimin da ya fi dacewa. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zazzau tun ƙarni na 19 ya nuna ƙasa da azara na iya rufe babban zaure mai sanyi. Mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta maimaita darasin a 2018 a Dandaji, da tubalin ƙasa da inji ke matsewa. Mu kuwa iyakar gadon da ke shiga otel ɗinmu shi ne zanko biyu na siminti a saman ƙofa da dagi a bangon wurin karɓar baƙi.

Akwai masu cewa matsalar tsaro ce da addini. Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya: hanyar Jibiya ba ta kwanciyar hankali ba ce, kuma tarzomar Nuwamban 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA, wadda a cikinta aka ƙona mashaya a Maraɗi, ta bar wa kalmar otel tabon da bai gama gogewa ba. Wasu kuma na cewa ba don Radisson ba da Yamai ba ta samu manyan taruka ba, kuma wannan ma gaskiya ne ga babban birni mai ofisoshin jakadanci. Amma Durbar da Daula sun durƙushe tun kafin a san 'yan bindiga, kuma masaukan da ba sa sayar da giya suna ciniki lafiya a Kano da Maraɗi. Rashin kula da gyara da ake yawan ambata shi ma reshe ne: ginin da ba ya kawo kuɗin fenti, ba manajan da zai fente shi.

Jirgin da ake jira ma yana iya rage kwana maimakon ya ƙara. Tafiyar kilomita 284 ta 'yan sa'o'i ce. Mai zogale daga Jiratawa zai kai kaya Katsina da safe ya yi sallar isha'i a gida, ɗan Kantin Kwari zai zo ya ga kaya ya juya. Wanda zai kwana shi ne mai jiran takardunsa su fito daga duwan, kuma kafin ya tambayi gado zai tambayi sito mai makulli da mai gadi, da wurin da babbar mota za ta juya. Ɗaki talatin ko arba'in kusa da tasha, da zauren taro guda, da wutar rana a rufi, sun ishe shi, kuma alhazan garin za su iya gina wannan da kuɗinsu ba tare da baitulmali ta sa ko dala ba.