Ba A Sayen Makin JAMB, Dogon Hutu Ake Nomansa

Duk shekara da zarar an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, sai zancen nan ya dawo majalisa: wai a bar yaro ya huta, in lokacin JAMB ya yi akwai "mutuminmu" da zai ƙara masa maki ko ya cusa sunansa a jami'a. Wallahi na gaji da jin wannan magana. Bara wata maƙwabciyata tumaki biyu ta sayar ta tura wa wani da ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba. Har yau wayarsa a kashe take, ɗan nata kuma yana gida.

JAMB dai kowa ya san ta, tun 1978 take shirya jarrabawar shiga jami'a. Abin da iyaye suka ƙi ganewa shi ne zamani ya juya. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, ita ce kuma mai ba da maki. To mutumin naku da wace takarda zai yi wasa? Daga 2017 kuma kowane gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS: makaranta ta miƙa suna, hukuma ta amince, ɗalibi ya karɓa da kansa. Gurbin da aka shigo da shi ta katanga, sai an zo tafiya hidimar ƙasa asiri ke tonuwa, bayan shekara huɗu ta salwanta.

Abin haushin ma, ƙofar a buɗe take. Jami'o'in tarayya na ba da kashi 45 bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da suke, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko, kuma jihohin Arewa da yawa na ciki. Maki kawai ake nema. Gaskiya ne gurabe sun yi kaɗan, littattafai sun yi tsada, amma wannan ba hujjar kwanciya ba ce.

Ga aikin hutu ga mai shiga ajin ƙarshe na sakandare. Ya yi katin NIN yanzu, don tun 2021 ba a rajista sai da shi. Ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun zo daidai da na makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, wahala ce. Ya san darussan kwas ɗin da yake so: mai son likitanci, Fiziks da Kimistiri da Bayoloji ne, ban da Turanci da ya zama dole ga kowa. Ya saba da kwamfuta, domin tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Ya riƙa bitar tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, ko bayan an taso daga gona ne. Wanda ya gama kuma, da WAEC ko NECO ta fito ya ɗora sakamakonsa a shafin JAMB, ya bibiyi tantancewar jami'ar da ya zaɓa.

Iyaye, kuɗin tumakin nan a biya wa yaro darasi da koyon kwamfuta. Mu manoma ne, mun san wanda ya yi barci a Agusta ba ya ɗaure dami da kaka.