Magariba a Tagwai: Me Ya Sa Hotonka Ke Yayyankewa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu ya leƙa bakin madatsar ruwa ta Tagwai, wadda mutanen Minna ke sha daga gare ta, kuma zancen na masu ɗaukar hoto ne, na kyamara da na waya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa nan gab da magariba ya san yadda sama ke rinewa. Ja daga ƙasa, ya koma ruwan goro, ya narke cikin shuɗi, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Amma ɗauka a waya, ka koma gida ka ƙara masa haske. Sai ka ga saman ta yayyanke layi-layi kamar saƙi, bishiyoyin bakin ruwa kuma sun yi dishi-dishi kamar an watsa musu tsaki.

Sirrin yana cikin abin da ake kira bit. Hoton JPEG, wanda yawancinmu ke ɗauka, mai bit 8 ne. Ma'ana, daga baƙi ƙirin zuwa haske fes, matakai 256 kacal yake da su a kowane launi cikin ukun nan: ja, kore da shuɗi. Hoton RAW kuwa, wato ɗanye, yadda kyamara ta kama shi, yakan zo da bit 12, matakai 4,096, ko bit 14, matakai 16,384.

(Kiɗa)

Ku tambayi tela. Idan an yanka yadi daidai wa daida, ranar da aka ce a buɗa rigar, sai ɗinki ya ɓarke. In kuwa an bar rara a ciki, sai ya warware ya ƙara, ba wanda zai gane. Haka gyaran hoto yake. Ƙarin haske jan yadi ne, yawan bit shi ne rarar.

Masu hoton biki sun fi kowa sanin wannan. Ango baƙi ne, ga farar shadda tana ƙyalli, ga zauren taro ba wadatar fitila. Ka bi fuska, aikin wuyan riga ya ƙone. Ka bi riga, fuska ta nutse. Mai RAW zai ɗago fuskar daga baya, zaren aikin bai ɓace ba.

Sai dai a yi hattara. Yawan bit ba ya hana dishi-dishi, domin ƙarancin haske ne ke haifar da shi, ɗaga ISO kuma ya fito da shi fili. Abin da RAW ke yi shi ne ba manhaja irin Lightroom cikakken bayani, ta share tsakin ba tare da ta mayar da fuska kamar roba ba. Kuma mayar da JPEG zuwa bit 16 ba ya dawo da abin da aka zubar. Bakin alƙalami ya bushe.

RAW na cin wuri, yana saurin cika katin ajiya. Don haka ɗauki RAW in hoton mai muhimmanci ne, ka gyara a bit 16, sai ka mayar da shi JPEG a ƙarshe, lokacin turawa ta WhatsApp. Wayoyi da dama na da RAW a sashen Pro. Gobe da yamma, je Tagwai ka gwada.