Ƙagaggun Labaran Yara Kan Ƙarancin Ruwa: Abin da Ya Dace da Ɗaliban Kujama da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi irin ƙagaggen labarin da ya kamata a sanya cikin manhajar Hausa ta firamare idan jigonsa ƙarancin ruwa ne da talauci. An ɗauki Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, da Kafanchan ta Ƙaramar Hukumar Jama'a a matsayin misali.

2.0 Yanayin Wurin

Kudancin Kaduna ƙasa ce mai yalwar ruwan sama da koguna. Magangarar ruwa ta Matsirga tana dab da Kafanchan, kuma daga madatsar Gurara da ke yankin ake janyo ruwa ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma domin amfanin Abuja. Duk da haka, idan rani ya yi nisa rijiyoyi sukan ƙafe. Mai hali yakan haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, mai ɗan abin hannu ya sayi jarka wajen 'yan ga-ruwa, talaka kuwa sai ya tura 'ya'yansa rafi tun da asuba. Ke nan matsalar ta fi alaƙa da yadda ake rabon ruwan, kuma wannan shi ne abin da ya kamata labari ya fahimtar da yaro.

3.0 Abin da Ke Akwai

Adabin Hausa ya daɗe da haɗa ruwa da rashin adalci. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora ce ake korawa neman ruwa mai nisa, 'yar mowa tana zaune a gida. Abubakar Imam ya aro sunan ya raɗa wa littafinsa na 1934, sai dai ruwan da tauraronsa ke nema na magani ne.

A ƙetare akwai A Long Walk to Water na Linda Sue Park (2010), wanda ya ƙunshi wata yarinya a Sudan ta Kudu da ɗibar ruwa ke cinye mata yini, da The Water Princess na Susan Verde (2016), wanda aka gina kan ƙuruciyar Georgie Badiel a Burkina Faso. Littattafan biyu suna da amfani ga malami, amma da Turanci aka rubuta su, kuma ƙasar da suka siffanta ta fi ta Kujama bushewa.

4.0 Shawarwari ga Marubuta da Masu Tsara Manhaja

Na farko, tauraron labari ya kasance mai tunani da dabara, domin yaron da ke karantawa yana iya zama shi ne wanda ya makara saboda ɗibar ruwa, kuma bai dace ya ga an mai da irinsa abin tausayi a gaban aji ba.

Na biyu, a nuna dalilin matsalar daidai fahimtar yaro, kamar famfon unguwa da ya lalace aka rasa mai gyara, ko kuɗin jarka da ya fi ƙarfin uwa.

Na uku, a lura da nauyin da ke kan 'ya'ya mata. A 2016 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya suna ɓatar da awa miliyan 200 kullum wajen ɗibar ruwa.

Na huɗu, a sauƙaƙa harshe, tun da Hausa harshe na biyu ce ga ɗalibai da dama na Gbagyi, Adara, Bajju da Atyap. Mai zane ma ya kiyaye al'ada, misali matan Gbagyi a kafaɗa aka san su da ɗaukar kaya.

5.0 Kammalawa

A ranar 28 ga Yuli, 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam. Saboda haka, yana da kyau malami ya rufe darasi da tambayar ɗalibai daga ina ruwan gidansu yake fitowa, wa yake ɗebo shi, kuma nawa ake kashewa a kansa.