Ɗan gibin da ke ceton injin tsere

A Amurka, tseren mota kan miƙaƙƙiyar hanya mita 402 ne kacal, amma cikin 'yan daƙiƙun nan inji kan tashi aiki. Masu ƙaramin ƙarfi sukan gyara tsohon injin Chevrolet 350. Fistin na zubi ya fi araha, sai dai in za a ƙara iskar naitiros, wanda aka ƙera da matsi ne ke jurewa. Nan ba wurin rowa ba ne.

Ringi kuwa, zafi na miƙar da shi. Gibin bakinsa in ya yi kaɗan, bakunan su haɗe, kan fistin ya fashe. Shi ya sa ake goga kowanne da magagari ana aunawa: kusan inci 0.004 ga kowane incin faɗin silinda, mai naitiros kuma a ƙara masa.